Ɗan Zomon Da Aka Tsinta A Ciyawa: Maraya Ne Ko Jiran Uwa Yake?

Tun daga shekarar 1996 da Gombe ta zama hedkwatar jiha, gari yake ta cin daji. Unguwar G.R.A., wadda a dā take bakin gari, yanzu gidaje sun wuce ta sun nausa har Tumfure a kan hanyar Bauchi, kuma gonakin jiya sun zama fulotai. To, a wajen sharar irin waɗannan filaye, ko bayan an cinna wa ciyawa wuta da kaka, leburori kan tarar da ɗan zomo a laɓe shi kaɗai. Sai wani ya jefa shi cikin hula ya kai wa 'ya'yan maigida a G.R.A., yara su yi ta murna, uwargida ta ji tausayi ta dama madara. Mafi yawan lokaci ba a cika mako ba sai a wayi gari ya sandare a cikin kwali.

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, zomon dajinmu dabam yake da zomon da ake kiwo a keji, ko da yake suna ɗaya muke kiransu da shi. Na keji asalinsa daga Sifen da Fotugal ne, kakanninsa a rami suke haihuwa, 'ya'yan kuwa tsirara suke zuwa, ido a rufe har wajen kwana 10. Na daji ba ya gina rami. Zomanya takan haifi ɗa ɗaya ko biyu a fili, cikin ɗan lotsin ƙasa a gindin ciyawa, da gashinsu, ido a buɗe. Daga nan sai ta yi nesa da su da gangan, domin kada ƙaurinta ya jawo musu kare ko dila. Masu bincike a ƙasar Holan da suka yi ta gadin ɗan'uwansa na Turai sun tarar uwar sau ɗaya tak take zuwa a yini, bayan faɗuwar rana, ta shayar na 'yan mintoci ta wuce abinta.

Ashe ke nan wanda aka tsinta da hantsi a kwance shiru, ciki a cike, jiki da ɗumi, ba maraya ba ne. Umurnin uwarsa yake bi. A ganina tausayin da ya fi amfani a nan shi ne a mayar da shi daidai inda aka ɗauko shi kafin magariba, a kori yara da karnuka daga wurin. Zancen da ake yi cewa uwa takan guji ɗan da ɗan'adam ya taɓa bai kai hujjar raba su ba.

Amma akwai maraya na gaskiya: wanda aka ga mafarauta sun rataye uwarsa, ko wanda katafila ta baje makwancinsa, ko wanda kyanwa ta kawo a baki. Wannan na ƙarshe sai an kai shi asibitin dabbobi, don haƙorin kyanwa yana da dafin ƙwayoyin cuta ko da raunin bai fito fili ba. Saura kuwa, duk wanda ya ɗauki nauyinsu ya san cewa ya ɗauko aiki, kuma ko a hannun gwanaye da yawa ba sa kai labari.

Abu na farko da ke kashe shi tsoro ne. Dabbar da Allah Ya halitta don gudu, idan aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu, ga rediyo, ga ƙarar janareta, zuciyarta na iya bugawa ba tare da wani ciwo ba. Sai a sa shi a kwali mai zurfi da busasshiyar ciyawa, a ɗaki mai duhu, mutum ɗaya kaɗai ke kula da shi. Lokacin hunturu a naɗe kwalbar ruwan ɗumi da tsumma a ajiye a gefe ɗaya, yadda zai matsa ko ya ja baya.

Na biyu madara ce, kuma a nan ne akasarin gidaje ke yin ɓarna. Nonon zomanya kauri gare shi ƙwarai, maiƙonsa ya haura kashi 20 cikin 100, shi ya sa sha ɗaya ke riƙe ɗan yini guda. Na saniya bai wuce kashi 4 ba, ga zaƙin da hanjin ɗan zomo ba ya iya sarrafawa, balle madarar gwangwani da aka zuba wa sukari. Zawo ko kumburin ciki ke biyo baya, shi kuwa zawo a jikin da bai fi cikin tafin hannu ba ajali ne. Masu renon namun daji a Turai sukan yi amfani da madarar gari da aka haɗa don 'yan kyanwa ko 'yan tumaki. Inda babu ita, nonon tunkiya ko na akuya da aka tafasa ya huce ya fi dama-dama. A ba shi da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo a gefen baki, yana zaune bisa ƙafafunsa. Kada a kwantar da shi rigingine kamar jinjiri, domin madarar za ta faɗa huhu. Da ciki ya ɗan tasa a dakata, ko da yana neman ƙari. Tun a makon farko a riƙa ajiye masa harkiya da kiri-kiri da 'yar harawa, ban da ciyawar da aka yi wa feshi. A wanke hannu bayan an gama, saboda kaska da ƙuma.

Shin yakan saba da mutum? Wani mawaƙin Ingila, William Cowper, ya karɓi 'yan zomaye uku a shekarar 1774 a garin Olney, na farkon ma daga hannun yaran maƙwabta da suka gaji da shi. Ɗaya ya mutu da wuri bayan an sa shi a akwatin da aka wanke bai bushe ba. Ɗaya ya shaƙu da shi har yana hawa cinyarsa, ya kuma rayu shekara 11 da wata 11. Na ukun kuwa ya yi shekara 9 a gidan, amma har ya mutu cizo yake kai wa mai shafa shi. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ko filin gidan G.R.A., duk faɗinsa, kurkuku ne ga mai irin waɗannan ƙafafu.

Idan ya yi kamar wata guda zai rage shan madara da kansa. Bayan mako 6 zuwa 8, in ya fara dukan jikin kwali da dare yana zabura da jin motsi, lokacin sallama ya yi. A kai shi da yamma inda akwai ciyawa da sarƙaƙiya, nesa da titi da karnukan farauta, a buɗe kwalin a ja da baya. In da hali a jira saukar damina, watau wajen watan Yuni a ƙasar Gombe, sa'ad da ɗanyar ciyawa ta yi tsawon da za ta ɓoye shi daga shaho.