Daga Linzami Zuwa Mulki: Asalin Wasu Kalmomin Ingilishi na Sarrafawa

A wannan maƙala za mu dubi wasu kalmomin Ingilishi waɗanda suka danganci riƙo da sarrafawa da gudanar da al'amura. Hausa ta riga ta ari wasu daga cikinsu, kamar manaja da kwanturola da gwamna. Abin lura shi ne, yawancinsu sun faro ne daga aikin hannu, daga baya ma'anarsu ta kai ga mulki.

Mu fara da "manage", wadda daga gare ta aka sami manaja. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16 daga kalmar Italiyanci "maneggiare", wato horar da doki da juya shi a filin sukuwa. Saiwarta ita ce "manus", hannu ke nan a Latin. Da tafiya ta yi nisa, sai aka riƙa gwama ta da kalmar Faransanci "ménage", mai nufin gida da hidimarsa, ta haka ta sami ma'anar tattali.

Ita kuwa "control" a baitulmali aka haife ta. Bayan da Normandawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a. Ana rubuta lissafi a naɗaɗɗiyar fata, a kuma ajiye ta biyu don a gwada da ta farko, ita ce "contre-rolle". Saboda haka ma'anar kalmar ta fari ita ce bin diddigin lissafi. Rubutun "comptroller" ya samu ne bisa kuskure, don an zaci kalmar tana da dangantaka da "compte", wato ƙidaya. Har yanzu haka ake rubuta muƙamin shugaban kwastan na Nijeriya.

Haka nan "govern", uwar gwamna da gwamnati, ta fito daga wata kalmar Girkanci mai nufin tuƙa jirgin ruwa, ta biyo ta Latin da Faransanci.

Akwai kuma waɗanda ma'anarsu ta ƙuntata. A tsohon Ingilishi "wealdan" na nufin yin mulki, amma jikanyarta "wield" ta fi tafiya da riƙon takobi ko wani makami. "Husband" kuma, wadda aka aro daga harshen mutanen Sikandinebiya na da, maigida take nufi, mai kula da gida da gona, kafin ta tsaya a kan miji.

Sanin wannan yana da amfani ga mai fassara. Idan ya tarar da "husband" a matsayin aikatau, to tattalin dukiya ake nufi, babu ruwanta da aure. Idan kuma ya ci karo da "control" a tsohon rubutu, mai yiwuwa bincike ko tsawatarwa marubucin yake nufi.

Daga ƙarshe, Bahaushe ba zai yi mamakin wannan hanya da ma'ana ta bi ba, domin shi ma ta wurin dabba ya bi. Yakan ce wane ya riƙe ragamar mulki, ko ya juya akalar al'amari, ko kuwa an ja wa wane linzami. Ragama da linzami na doki ne, akala ta raƙumi, kuma duk a hannun mai tafiya da dabbar suke.