Ɗan Talaka a Fim: Har Yaushe Baƙi Za Su Riƙa Ba da Labarin Yaranmu?

A yawancin fina-finan da ake kallo a gidajenmu na Gurugu da sauran unguwannin Tamale, ko na Kano ne ko na harshen Dagbani da ake shiryawa nan gida, talauci ba ya daɗewa. Maraya zai sha wuya a hannun kishiyar uwa, ya yi talla, ya kwana da yunwa, amma kafin a je ko'ina sai wani Alhaji ya taka birki a gabansa, ko kuma a gano ashe ɗan sarauta ne da ya ɓace tun yana goye. A tashi kallo kowa na hamdala. Ban raina wannan ba, mai sana'a ya san abin da kasuwa ke so. Sai dai duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motocin Kumasi da Akra, ya ga 'yan mata ƙanana da ƙunshin kayansu suna jiran mota ta cika za su tafi kudu yin dako, ya san akwai labarin da har yanzu ba a ba mu ba.

Mutanen Birtaniya sun fi shekara hamsin suna ba da irin wannan labari game da nasu yaran. Wani zai ce ina talauci a ƙasar Turawa? Akwai shi, kuma masu shirya fim ɗinsu ba su rufa wa ƙasarsu asiri ba. A watan Nuwamban 1966 gidan talabijin na BBC ya nuna Cathy Come Home, wanda Ken Loach ya ba da umarni: miji da mata ne da suka rasa muhalli bayan mijin ya ji rauni ya rasa aiki, har hukuma ta ƙwace musu 'ya'ya. Kimanin mutum miliyan 12 ne suka kalle shi a daren, maganar kuma ta kai majalisa. Amma dokar da ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin nema wa irin waɗannan iyalai matsuguni ba ta zo ba sai 1977. Fim yana tayar da magana, ba ya gina gida.

Wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne Kes na 1969, shi ma na Loach, daga littafin da Barry Hines ya wallafa a 1968. A Barnsley aka ɗauke shi, garin masu haƙar kwal a arewacin Ingila. Billy Casper yaro ne ɗan shekara 15, uban ya gudu, uwar ba ta da lokacinsa, gado ɗaya yake kwana da yayansa Jud wanda ke aiki a ramin kwal. Da asuba yana rabon jarida, a makaranta barci yake yi, malamai sun riga sun yanke masa hukunci cewa ba zai zama komai ba. A wancan zamani jarrabawa ɗaya ake yi wa yaro yana ɗan shekara 11, ita ke raba waɗanda za a koyar da su sosai da waɗanda za a riƙe kawai har su kai 15 a sallame su zuwa aikin ƙarfi. Billy na cikin kashi na biyu.

Sai ya ɗauko ɗan shaho daga sheƙa. Ya je ɗakin karatu neman littafin kiwon shaho aka hana shi, ya shiga kanti ya sato, ya zauna ya karanta shi tas, shi da ake cewa daƙiƙi ne. Ya horar da tsuntsun har yana tashi ya dawo hannunsa. Akwai wurin da wani malami ya sa shi ya tsaya gaban aji ya yi bayanin yadda ya yi, ajin ya yi tsit, malamin da kansa ya koma ɗalibi yana tambaya. A fim ɗinmu, nan ne za a kawo mai taimako ya ɗauki nauyin karatunsa. A Kes babu wanda ya zo. Jami'in samar wa matasa aiki ya yi masa 'yan tambayoyi cikin gaggawa, ya ambata masa ramin kwal. Jud ya ba shi kuɗi ya sa masa a cacar tseren dawaki, Billy ya sayi abinci da naman tsuntsu, dawakan kuma suka ci. Jud ya huce a kan shahon, ya kashe shi ya jefa a kwandon shara. Yaron ya ɗauko gawar ya binne, fim ya ƙare. A 1999 Cibiyar Fina-finai ta Birtaniya ta sa shi na bakwai cikin fina-finan ƙasar 100 mafiya daraja na ƙarni na 20.

Abin da ya ba wannan fim ƙarfi, a ganina, shi ne ba a ɗora laifi a kan mugu ɗaya ba. Jud azzalumi ne, amma shi ma ramin ne ya mayar da shi haka, kuma mai kallo ya san Billy can ya nufa. Mu kuwa mun saba tattara duk zaluncin duniya mu aza wa kishiyar uwa, da ta tuba ko ta haukace shi ke nan magana ta ƙare, ba a tambayi makarantar da ba ta da benci ba, ba a tambayi daminar da ba ta ciyar da gida shekara ba. Sannan Loach bai kawo yaran birni ya shafa musu toka ba. David Bradley da ya fito a Billy ɗan makarantar Barnsley ne da bai taɓa yin fim ba, kuma an bar shi ya yi magana da karin harshen garinsu, wanda Amurkawa suka ce ba sa ganewa.

Waɗanda suka biyo baya sun riƙe wannan hanya. Bill Douglas ya yi fina-finai uku a kan yarintarsa a ƙauyen Newcraighall na Sukotlan, daga My Childhood na 1972 zuwa My Way Home na 1978. Lynne Ramsay ta yi Ratcatcher a 1999, a kan yaro a Glasgow lokacin da masu kwashe shara ke yajin aiki. Yarinyar da ta ja Fish Tank na Andrea Arnold a 2009, a tashar jirgin ƙasa aka tsince ta tana faɗa da saurayinta.

The Selfish Giant na Clio Barnard, 2013, shi ne wanda zai fi taɓa mutumin Tamale. Yara biyu ne a Bradford, Arbor da Swifty, da aka kora daga makaranta suka koma jari-bola, suna yawo da keken doki suna tara tsofaffin ƙarafa da wayar tagulla suna kai wa wani dillali. Ƙarshenta wayar lantarki ta kashe ɗaya. Wannan ai labarin ƙannenmu ne. Da yawa daga cikin samarin da suka yi shekaru suna fasa injuna da ƙona waya a Agbogbloshie ta Akra 'yan arewa ne, daga Tamale da garuruwan da ke kewaye da ita, har zuwa Yulin 2021 da hukuma ta rushe wurin.

To wa ya ba da labarinsu? Wasu Turawan Ostiriya biyu ne suka yi Welcome to Sodom a 2018, fim ɗin da masu bincike da dama suka zarga da zuzuta abin, da mayar da wurin sana'ar mutane abin tsoro don a burge 'yan kallon Turai. Labarin 'yan matanmu masu dako a kasuwannin kudu ma haka: wata 'yar Norwe, Mari Bakke Riise, ce ta yi Kayayo a 2016, a kan yarinya 'yar shekara takwas, ya kuma shiga jerin da ake tacewa don kyautar Oska. Nakom, wanda aka yi da harshen Kusal da mutanen ƙauye a can kusa da Pusiga aka kuma nuna a bikin fina-finai na Balin a 2016, Amurkawa mata biyu ne suka ba da umarninsa, kuma aiki ne mai kyau. Abin ma tsoho ne: tun 1952 sashen fim na gwamnatin mulkin mallaka ya yi The Boy Kumasenu, a kan yaron da ya bar ƙauyen masunta ya shiga birni. Ba na zargin baƙon da ya zo da kyakkyawar niyya. Amma baƙo yana ganin kwanon da ke kan yarinya, ba ya jin abin da take faɗa wa ƙawarta da dare, ba ya sanin cewa kayan ɗaki take tarawa, ko bashin taki ne ya koro ta daga gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

An kuma gwada a cikin Hausa, an ga yana yiwuwa. A 2011 wasu almajirai tara a Kano suka shirya Duniya Juyi Juyi, tare da wata mai bincike, Hannah Hoechner, da tallafin Cibiyar Goethe ta Jamus. Su suka tsara labarin, su suka fito, su suka riƙe kyamara bayan ƙwararru sun koya musu. Labarin Aminu ne, wanda aka kawo birni karatun allo, yake aikatau a gidajen mutane. Abin lura, yaran ba su nuna kansu a matsayin abin tausayi kaɗai ba, kuma ba su zagi karatun allo ba, sun nuna ilimin da suke alfahari da shi, suka kuma juya kyamara kan matan gida da masu shago da ke wulaƙanta su. Babu marubucin waje da zai kawo wannan. A Nijar ma Aicha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da Zinder a 2021, ta shiga unguwar Kara-Kara wadda a da can ake ware kutare, ta bar matasan da gari ke tsoro suka yi magana da bakinsu.

Na san abin da mai shirya fim a Tamale ko Kano zai ce: Malam, wa zai biya? Yana da gaskiya. Loach ya fara ne da kuɗin BBC, Douglas da na Cibiyar Fina-finai, na baya kuma suna samun tallafi daga tashar Channel 4 da asusun gwamnati. Namu kuwa daga aljihunsa yake cirewa, ya jira YouTube ta mayar masa. Wanda ya wuni a rana yana neman na tuwo ba lalle ne ya so ganin yunwa a talabijin da dare ba. Ga kuma tarbiyyarmu ta rufin asiri: gidan da bai ɗora tukunya ba yakan hura wuta don kada maƙwabta su gane, saboda haka nuna talaucin wani kamar tonon asiri ne. Wannan kunya abin a kiyaye ce, kuma ita ce ma za ta hana mu kuskuren da Loach da kansa ya yi, domin a Kes bulalar gaske aka yi wa yaran a tafin hannu don a samu hawayen gaske. Ba a gyara zaluncin da ake yi wa yara da wani zaluncin.

Amma tsadar ba ta kai yadda ake zato ba. Irin wannan fim ba ya bukatar gidan bene na haya, ko jerin motoci, ko rawa a lambu. Yana bukatar yaro ɗaya da aka nemi yardar iyayensa aka biya shi haƙƙinsa, da marubucin da zai zauna a kasuwar Aboabo ko wurin 'yan gwangwan ya saurara kafin ya ɗauki alƙalami, da darakta mai ƙarfin zuciyar da zai hana Alhaji taka birki. Ina kira ga masu shirya fim na Tamale, na Dagbani da na Hausa, da gidajen talabijin ɗinmu na arewa: ku gwada ko da na minti ashirin ne, ku bar yaran su yi magana da harshen da suke yi a gida, kuma a fara nuna shi a unguwarsu kafin a kai shi Balin.