Sayen Laftof a Jalingo: Lambar Zubi Ta Fi Sunan Core i7 Muhimmanci

JALINGO — A unguwar Sintali, kamar yadda yake a sauran unguwannin babban birnin Jihar Taraba, kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka fi sani da laftof ta tashi daga kayan ƙawa ta koma jari. Da ita mai shagon buga takardu yake cin abinci, da ita mai zanen katin biki da fosta yake aiki, kuma ita ce mai kantin magani ko dilan hatsi yake komawa gare ta idan littafin lissafi ya gaza. Tun da aka kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008, kuma hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, buƙatar wannan na'ura a garin ba ta sake ja da baya ba.

Sai dai kuma kuɗin saye ya yi nauyi. Kafin a saki farashin naira a watan Yuni na 2023, ana canjin dala ɗaya a hukumance kan kimanin naira 460, amma a watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Da yake kusan kowace laftof daga waje ake shigo da ita, sabuwa ta fi ƙarfin akasarin ƙananan 'yan kasuwa, saboda haka suka raja'a ga ta hannu, wadda ake kira 'yar Landan. Irin wannan kaya yakan sauka a kasuwar Computer Village ta Ikeja a Legas, ya biyo ta shagunan titin Beirut a Kano ko wasu hanyoyin, kafin ya iso Jalingo, kuma kowane hannu da ya bi sai ya ɗora ribarsa.

A wannan ciniki, tambayar farko da mai saye ke yi ita ce: "i nawa ce?" Idan aka ce Core i7 ce, sai hankalinsa ya kwanta, ya ƙara kuɗi ba gardama. A nan ne asarar take farawa.

Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin irin wannan kasuwa a 1970, inda ya buga misali da cinikin tsofaffin motoci: idan mai sayarwa ya san kayansa ciki da waje, mai saye kuwa bai san komai ba sai abin da ido ya gani, to farashi ba zai bi inganci ba, zai bi alamar da ke waje. Wannan nazari na daga cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. A kasuwar laftof, alamar nan ita ce 'yar sitikar da ke manne kusa da madannai.

Abin lura shi ne, furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da dukkan lissafin kwamfuta, suna biyu gare ta. Na farko shi ne aji: kamfanin Intel ya fito da Core i7 a 2008, Core i5 a 2009, Core i3 a 2010, daga baya kuma Core i9. Na biyu shi ne zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira jenereshan, domin kusan kowace shekara kamfanin yakan sake ƙirar ƙwaƙwalwar ya ci gaba da amfani da sunayen ajin nan. Zubi na 2 ya fito a 2011, na 4 a 2013, na 6 a 2015, na 8 a 2017, na 10 a 2019, na 11 a 2020, na 12 kuma ya shiga laftof a 2022. Ke nan aji yana nuna matsayin ƙwaƙwalwa ne a tsakanin sa'o'inta na shekara ɗaya kawai. Ɗan aji ɗaya a jami'a ya wuce ɗan aji shida a firamare, duk da cewa shida ta fi ɗaya.

Karanta zubin ba wuya. A cikin i5-8250U, lambar farko bayan karan, wato 8, ita ce zubi. Daga zubi na 10 kuwa lambobi biyu na farko ake dubawa, kamar i5-10210U ko i5-1135G7 ko i5-1235U, waɗanda ke nufin na 10 da na 11 da na 12 bi da bi. Wadda lambarta uku ce kacal, kamar i5-520M, ta zubin farko ce, kuma ba ta cancanci kuɗin ɗan kasuwa ba ko da jikinta na sheƙi.

Iyakar da ta fi kowace muhimmanci tana tsakanin zubi na 7 da na 8. A cikin kowace furosesa akwai cibiyoyin lissafi, waɗanda za a iya kwatanta su da ma'aikatan da ke raba aiki a tsakaninsu. Har zuwa zubi na 7, ƙwaƙwalwar laftof irin ta ofis, ko i5 ce ko i7, cibiya biyu gare ta. A watan Agusta na 2017, a shekarar da kamfanin AMD ya shigo da ƙwaƙwalwarsa ta Ryzen ya tsananta gasa, Intel ya ninka su zuwa huɗu. Saboda haka i7-6600U da i7-7500U cibiya biyu-biyu ne, alhali i5-8250U tana da huɗu. Intel da kansa ya ce bambancin ƙarfin aiki tsakanin zubin biyu yana iya kaiwa kashi 40 cikin 100. Gaskiya ne cewa wanda wasiƙa ɗaya kawai yake bugawa ba zai ga bambanci sosai ba, domin saurin kowace cibiya ɗaya kusan ɗaya ne. Amma mai shagon da ya buɗe shafukan intanet goma, ga CorelDRAW a buɗe, ga firinta na jiran aiki, ga kwastoma tsaye a kansa, shi zai gane. Har ila yau, i3-1215U ta zubi na 12, wadda mutane ke rainawa don an ce i3 ce, cibiya shida gare ta, kuma ta yi wa i7 ta zubi na 6 ko na 7 nisa.

Akwai dalili na biyu da ya sa wannan iyaka ta zama ta kuɗi. Lokacin da kamfanin Microsoft ya fito da Windows 11 a watan Oktoba na 2021, ya ce ba zai amince da ƙwaƙwalwar Intel da ta gaza zubi na 8 ba, in ban da 'yan ƙalilan, haka kuma ta AMD sai daga wasu na jerin Ryzen 2000 zuwa sama. Sannan ya daina bai wa Windows 10 kariyar tsaro ta kyauta ga kowa da kowa a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ya buɗe shirin ƙarin wa'adi zuwa Oktoba na 2026 ga wanda ya yi rajista. Ma'anar wannan ga kasuwa a fili take: kamfanoni da ofisoshin Turai da Amurka ba su da dalilin riƙe na'urorin zubi na 6 da na 7, kuma inda suke zubar da tsofaffin kayansu sananne ne. Arahar da ake gani a kansu ba alheri ba ne, farashin kayan da wa'adinsu ya ƙare ne. Ga wanda ke shiga asusun banki ko ajiye bayanan kwastomomi a kwamfutarsa, rashin kariyar tsaro ba ƙaramin abu ba ne.

Kada kuma ganin Windows 11 a kan allo ya ruɗi mai saye. Masu gyara sun san yadda ake tsallake sharaɗin a ɗora ta a kan tsohuwar na'ura, kuma Microsoft ya ce bai ɗauki alkawarin ci gaba da sabunta irin wannan ba. Sunan samfurin ma ba hujja ba ne ɗari bisa ɗari. An san HP EliteBook 840 G3 da zubi na 6, G4 da na 7, G5 kuma da na 8, amma akwai G5 da aka ƙera da ƙwaƙwalwar zubi na 7, haka ma Dell Latitude 7490 da Lenovo ThinkPad T480. Jiki ɗaya, suna ɗaya, ciki daban.

Bayan zubi, sai harafin ƙarshe, wanda a Jalingo yake da ma'ana ta musamman. Harafin U yana nufin ƙwaƙwalwa mai cin wuta kaɗan, kimanin wat 15, H kuwa kimanin wat 45. Ta H ta fi ƙarfi, amma ta fi zuƙe batir, ta fi ɗaukar zafi, cajarta ma ta fi nauyi a kan inbata ko ƙaramin sola. Garin da ke samun wuta daga kamfanin rarraba lantarki na Yola, wanda ya ɗanɗana duhu a watan Afrilu na 2024 lokacin da ɓarayi suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, kuma man janareto ya yi tsada tun cire tallafi a watan Mayu na 2023, dole ne ya saka wannan a lissafi. Bugu da ƙari, a zafin Maris da Afrilu, kowace furosesa da ta ɗumama fiye da kima takan rage saurinta da kanta don kada ta ƙone. Ƙurar hunturu idan ta toshe fanka, sai mutum ya biya kuɗin i7 ya samu aikin i3. Mai haɗa bidiyon biki ko injiniya mai zanen gini shi ne ke buƙatar H. Mai buga takardu da mai lissafin kanti ba su da abin yi da ita.

Ta ɓangaren AMD, Ryzen 5 4500U ta 2020 mai cibiya shida ta cancanci a duba ta, kuma da yake masu saye sun fi sabawa da sunan Intel, akwai damar taya ta da sauƙi. Sai dai a lura da sunayen 2023: Ryzen 5 7520U, duk da girman lambarta, an gina ta ne a kan tsohuwar ƙira ta Zen 2 mai cibiya huɗu. Shi ma Intel ya sauya salo a watan Disamba na 2023 inda ya fito da Core Ultra ya jefar da harafin i, amma waɗannan na masu sayen sabuwa ne.

Hanyar da ta fi dacewa ɗan kasuwa ya auna ita ce ya raba farashi da shekarun da na'urar za ta yi masa aiki. A ɗauki misali kawai: idan an yi wa i7 ta zubi na 6 kuɗi naira 200,000, kuma bayan shekara biyu sai an sauya ta, kowace shekara ta ci naira 100,000. Idan i5 ta zubi na 8 ko na 10 ta kai naira 260,000 amma ta yi shekara huɗu, kowace shekara ta ci naira 65,000, kuma ranar da za a sayar da ita za a sami mai taya ta. Ƙarin kuɗin da ake biya don tashi daga i5 zuwa i7 a zubi ɗaya kuwa, galibi ya fi amfani idan aka sa shi a wani wurin: a ɗaga ram daga gigabayit 8 zuwa 16, ko a cire tsohon faifan ajiya mai juyawa a sa SSD. Wannan na ƙarshe shi ne gyaran da ido ke gani nan take, daga tashin kwamfuta har buɗe fayil. Sai dai a tambaya tun kafin biya ko ram ɗin na cirewa ne, domin a wasu siraran na'urori like shi aka yi da allon ciki, ba a ƙara shi.

Tantancewa ba ta wuce minti biyar ba a gaban mai shago. A kunna na'urar, a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga sashen Performance, cikakken sunan furosesa da yawan cibiyoyinta da girman ram za su bayyana. Umarnin powercfg /batteryreport zai fitar da rahoton da ke nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa. A kuma tabbatar ba a kulle BIOS da kalmar sirri ba, domin wasu na'urorin da suka fito daga kamfanonin waje suna zuwa da makullin tsohon mai su.

Wanda zai aika a sayo masa daga Kano ko Legas, kamar yadda 'yan kasuwar Jalingo da dama ke yi ta hannun direba ko ɗan'uwa, ya nemi a turo masa hoton wannan allon tun kafin ya tura kuɗi. Idan kuma an zo rubuta rasit, kada a amince da "HP Core i7" kawai. A rubuta cikakkiyar lambar furosesa, da girman ram, da irin faifan ajiya, da lambar jikin na'urar, da adadin kwanakin gwaji da aka yi yarjejeniya a kai.