3.4 Hanyoyin Gano Matsalar Na'urorin Auna Zafi da Laima a Gida Mai Sarrafa Kansa

Kamar yadda aka yi bayani a sashen da ya gabata, gida mai sarrafa kansa ya dogara ne kacokan a kan alƙaluman da ƙananan na'urorin awo ke aika wa uwar na'ura. Idan alƙaluman suka zo da kuskure, to na'urar sanyaya ɗaki za ta yi ta cin wuta a banza, ko kuma magani da abincin da aka adana su lalace ba a sani ba. A wannan sashe za a duba abubuwan da ke haddasa irin wannan kuskure, domin sau da yawa akan jefar da na'ura alhali lafiyarta ƙalau.

Abu na farko shi ne iyakar na'urar kanta. Misali, DHT11 tana auna zafi daga digiri 0 zuwa 50, da kuskuren da kan kai digiri 2, kuma ba ta auna laimar da ta gaza kashi 20 cikin 100. A Kano da makamantanta kuwa, laimar iska kan faɗi ƙasa da haka da rana a lokacin hunturu. Ke nan abin da ta nuna a wannan lokaci ba abin dogaro ba ne, ko da sabuwa ce. DHT22 ta fi ta, domin kuskurenta a zafi bai wuce rabin digiri ba.

Abu na biyu, wanda ya fi yawa kuma aka fi yin sakaci da shi, shi ne wurin da aka kafa na'urar. Laimar da ake aunawa ta danganta ne da zafin iska, wato gwargwadon ɗumin iska, gwargwadon ruwan da za ta iya ɗauka. Saboda haka idan aka cusa na'urar awo cikin akwati ɗaya da allo irin su ESP8266, wanda yake ɗumama idan yana aiki, za ta auna ɗumin allon ne maimakon na ɗaki. Ƙarin digiri 1 kacal yakan rage kimanin kashi 3 a ɗakin da laimarsa ta kai kashi 50. Wannan ne ya sa idan aka ga zafi ya hau, laima kuma ta sauka a lokaci guda, ya kamata a fara zargin wurin. Haka abin yake ga na'urar da rana ke duka ta taga, ko wadda aka maƙala dab da rufin kwano.

Idan kuwa alƙaluman sukan ɗauke ne su dawo, sai a duba wuta da waya. DHT22 tana buƙatar tazarar daƙiƙa 2 tsakanin awo da awo, da kuma rizisto mai om 4,700 zuwa 10,000 tsakanin wayar saƙo da ta wuta. Na'urori marasa waya kuma, raunin batir kan sa su yi shiru, haka ma cunkoso, tun da Zigbee da Wi-Fi duk suna amfani da zangon gigahaz 2.4.

Bayan an kawar da waɗannan ne ake gwada na'urar da gishiri. Akan zuba gishirin miya a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa har ya jiƙe amma bai narke ba, a sa shi tare da na'urar cikin mazubi mai rufi ruf, a ajiye a inda zafi ba ya sauyawa har kwana ɗaya. Laimar da ke ciki takan tsaya a kimanin kashi 75. Idan na'urar ta nuna 70, sai a ƙara mata 5 a manhaja. Sai dai wannan gyara ya fi inganci ne a kusa da kashi 75, don haka mai buƙatar awon rani sai ya maimaita gwajin da sinadarin maganiziyam kuloraid, wanda ke ba da kimanin kashi 33. Na'urar da ta kafe a 99.9 bayan raɓa ta shige ta, a fara shanya ta a inuwa. Idan ba ta sauko ba, sai a canza ta.