In Kwamfutar Shago Ta Kawo Lissafin da Bai Yi Daidai Ba

Hirarmu ta wannan mako ta kai mu Akra, babban birnin Gana, wanda tsofaffin fatake ke kira Ankara. In kana kawo albasar Galmi kasuwar Adjen Kotoku, inda aka mayar da 'yan albasa daga Agbogbloshie a watan Yulin 2021, ko kana sauke shanu a Tulaku kusa da Ashaiman, ko kana sarin kaya a shagunan Nima da Maamobi, ka san yanzu ba kowane maigida ke buɗe maka littafi ba. Wani kwamfuta zai juyo maka, firinta ta fito da takarda, a ce ga kuɗinka, ga bashinka.

Da yawa daga cikin kwamfutocin nan na hannu ne, an shigo da su daga Turai ko Amurka, aka saye su a Tip Toe Lane, layin 'yan waya da kwamfuta da ke shataletalen Kwame Nkrumah, dab da unguwar Kokomlemle. Abin da ke yin lissafin a ciki shi ake kira manhaja. Wani lokaci Excel ce, wani lokaci kuma wani yaron unguwa ne da ya koyi aikin ya rubuta wa shagon tasa. Ranar da takarda ta saɓa da abin da ke kanka, zargi kan faɗa kan yaron shago ko dillali, amanar shekara goma ta ɓaci a wuni ɗaya. Hausawa kuwa sun ce zato zunubi. Kafin ka ɗaga murya, ka sani cewa manhaja da al'adar rubutun ƙasa ɗaya ake gina ta, kai kuma kasuwancinka ya ratsa ƙasa uku ko huɗu. Matsaloli da yawa daga nan suke fitowa.

Mu fara da waƙafi da ɗigo. A Gana da Nijeriya in an rubuta 1,250 ana nufin dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin. A Nijar da Burkina Faso da Togo, inda ake bin rubutun Faransanci, waƙafin nan shi ke raba cikakkiyar lamba da ɓarinta, wato 1,250 ɗaya da kwata ke nan. To ka ga in an aika fayil ɗin farashi daga Nima zuwa kwamfutar da aka saita da Faransanci a Yamai, kayan sidi 1,250 sai su koma na sidi ɗaya da kwata, ko kuma manhajar ta ƙi tara su gaba ɗaya. Alamar wannan cuta ita ce ƙananan kuɗi su fito daidai, amma duk abin da ya kai dubu ya birkice. Maganinta yana wurin saitin ƙasa da yanki a cikin Windows. Shi kuma mai rubuta manhaja, aikinsa ne ya tsayar da salo ɗaya na ajiye lamba, kada ya dogara da yadda aka saita kowace kwamfuta. Kada ka ɗauka ƙananan masana kaɗai ke faɗawa wannan rami. A watan Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars, saboda wani ɓangare na manhajarsa yana awo da ma'aunin fam, wani kuma yana jiran ma'aunin mita da kilo. Kamar dai a auna maka da olonkar Akra, kai kana ƙirga da tiyar Maraɗi.

Sai kuma kuɗin kansa. A watan Yulin 2007 Gana ta sauya kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi ɗaya. Har yau akwai dattawan da in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi. Ɗan Nijar kuma da dala yake ƙirga sefa, kowace dala sefa 5 ce, in ya ce ɗari biyu, jaka ɗaya yake nufi, wato sefa 1,000. Yaron da ke bugawa abin da kunnensa ya ji shi zai shigar, kwamfuta kuwa ba ta tambaya. In ka ga bambancin ya zama ninki biyar cif, to dala ce aka shigar a matsayin sefa. In ninki dubu goma ne, tsohon sidi ne ya shigo. Manhaja mai kyau ba ta karɓar kuɗi sai an zaɓi irinsa, sidi ko sefa ko naira, kuma tana ajiye canjin ranar da aka yi cinikin. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Sefa a ɗaure take da yuro, kowane yuro sefa 655.957, sidi kuwa hawa da sauka yake yi. A farkon 2022 dalar Amurka tana wajen sidi 6, amma a watan Nuwamba ta haura 13. Manhajar da ke lissafa tsohon bashi da canjin yau, ko ta cuce ka, ko ta cuci maigidanka.

Kwanan wata ma yana da nasa tarkon. Mu duka, Gana da Nijeriya da Nijar, rana muke fara rubutawa sannan wata. Amurkawa wata suke farawa. Kwamfutar da ta zo da saitin Amurka, in ka buga mata 03/04/2024 kana nufin 3 ga Afrilu, ita 4 ga Maris za ta ajiye, sai bashin da bai kai lokacin biya ba ya fito kamar ya wuce da wata guda. Ga yadda za ka gane: ranakun 1 zuwa 12 su ke juyewa shiru, daga 13 zuwa sama kuwa ko manhajar ta ƙi karɓa ko su tsaya yadda aka buga, tunda babu wata na goma sha uku. In kuma kullum da safe agogon kwamfutar ya koma wata tsohuwar shekara, wannan ba laifin manhaja ba ne. Ƙaramin batir ne mai kama da tsabar kuɗi, CR2032, ya mutu a ciki, kuma kowane mai gyara zai sauya shi nan take.

Yanzu lambar waya, wadda ta zama aljihu tunda da ita ake tura kuɗi. Lambar Gana guda goma ce, tana farawa da sifili. Ta Nijeriya goma sha ɗaya ce. Ta Nijar da ta Burkina da ta Togo takwas-takwas ne. Manhajar da aka rubuta don Gana kaɗai za ta ƙi karɓar lambar ɗan Tawa, ta ce ba ta cika ba, yaro kuma don a wuce wurin sai ya ƙara mata sifili biyu. Excel ita kuma, in ta ɗauki lambar waya a matsayin lambar lissafi, sai ta yar da sifilin farko. In aka haɗa da 233 na Gana lambobin suka zama goma sha biyu, sai ta dunƙule su ta nuna wani abu kamar 2.33E+11, kuma in aka adana fayil ɗin haka a salon CSV, sauran lambobin sun tafi ke nan. Gyaran shi ne a mayar da wannan layin na rubutu tun kafin a fara bugawa, don ba wanda ke tara lambar waya ko ya raba ta.

Akwai kuma batun suna. Mutum ɗaya ne, a Kano Usman, a takardunsa na Nijar Ousmane, a Nima Osman. Haka Yusuf da Issoufou da Yussif. A wurin kwamfuta mutum uku ne, kowa da shafinsa. Ka biya bashi a ƙarƙashin Osman, na Ousmane yana nan yana jiranka. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, su ma sukan koma alamar tambaya in manhajar ba da tsarin Unicode take ajiye rubutu ba, sai a nemi Ɗanladi a rasa. Ka roƙi a ba ka lamba guda wadda za ta bi ka a kowace takarda, ka rubuta ta a aljihunka.

Na ƙarshe ita ce wuta. 'Yan Akra ba su manta da shekarun dumsor ba, musamman 2015, lokacin da ake kwana a wuni babu lantarki. In wuta ta ɗauke daidai lokacin da manhaja ke rubuta ciniki, tana iya cire buhu ashirin daga rumbu ba ta kai ga rubuta kuɗinsu ba. Masu sana'ar suna da dabara, ana ɗaure matakan biyu su zama abu ɗaya, ko su shiga tare ko kada ko ɗaya ya shiga. Ka tambayi wanda ya rubuta taka ko ya yi haka. Sannan a sayi na'urar riƙe wuta da ake kira UPS, ko a yi aiki da kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai rai.

To in matsala ta faru, me za ka yi kafin a kira mai gyara? Makiyayi ya san in saniya ta ƙi kiwo ba ya ɗura mata magani biyar a tare. Ware ta yake yi, ya tuna inda ta sha ruwa jiya, ya gwada abu ɗaya ya ga hali. Haka masu rubuta manhaja ke farautar kuskure. Da farko, in wani saƙo ya fito a allo, ka ɗauki hotonsa da waya kafin a rufe shi, ko da ba ka jin Turanci, don shi ne sawun da mai gyara zai bi. Na biyu, a kwafi dukan lissafin a filash, a yi gwaji a kan kwafin, kada a taɓa na asali. Na uku, a gwada da ƙaramin ciniki da kowa ya san amsarsa, a ce buhu biyu a sidi 1,000, ranar 5 ga watan 2, a ga abin da za ta fitar. In kuskuren ya sake fitowa, an kama shi, tunda ɓarawo ba ya maimaita sata a gaban idon mai kaya. Na huɗu, a tambaya me ya sauya tun ranar da abin ke lafiya: sabuwar kwamfuta, sabon yaro, fayil daga wata ƙasa, ko ɗaukewar wuta. Na biyar, a sauya abu ɗaya kawai, a sake gwaji, sannan a matsa gaba.

Ka kuma yi hattara da mai gyaran da, tun bai tambaye ka komai ba, ya ce sai an goge kwamfutar an sake zuba Windows. Gogewa ba ta gyara waƙafi ko kwanan wata in an mayar da saitin da ya kawo matsalar, amma tana iya tafiya da bashin shekara uku. Kada a goge sai ka ga kwafin lissafinka ya buɗe a wata kwamfutar da idonka.

Kai kuma da ba ka da kwamfuta, takarda kawai ake miƙo maka a kara ko a bakin mota, ka duba abu huɗu kafin ka bar wurin: sunanka da lambarka, irin kuɗin da aka rubuta, kwanan wata, da yawan kan dabba ko buhu. In ba ka karanta boko, ka sa a karanta maka da babbar murya a gaban shaida, ka kuma riƙe ɗan littafinka na aljihu, ko da ajami ne. Ranar da takarda da littafi suka saɓa, ku zauna da maigida ku bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya.