Zaɓen 1932 a Newfoundland: Ƙuri'ar da Bashi Ya Cinye

A da, Newfoundland ƙasa ce ƙarama a bakin tekun Atlantika, gabas da Kanada. A farkon shekarun 1930 jama'arta ba su kai dubu 300 ba, galibinsu masunta ne, amma tana da majalisarta da firaministanta, tana mulkin kanta ƙarƙashin sarautar Ingila kamar Ostireliya. A ranar 11 ga Yuni, 1932, mutanenta suka fita zaɓe. Daga ranar ba su sake zaɓen gwamnati ba sai bayan shekara 17.

Bashi ne tushen matsalar. Ƙasar ta ci bashi don shimfiɗa layin dogo, ta ƙara ci don ɗaukar nauyin sojojinta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka kusan ƙarar da rundunarta a Beaumont-Hamel ta Faransa a 1916. Bashin ya kai wajen dala miliyan 100, kuɗin ruwa kaɗai na lashe fiye da rabin abin da gwamnati ke tarawa. Sai ga karayar tattalin arzikin duniya, farashin busasshen kifin da suke dogaro da shi ya faɗi warwas. Tallafin da ake ba mabuƙaci bai wuce centi 6 a rana ba.

Ana cikin wannan ƙunci, ministan kuɗi Peter Cashin ya ajiye aiki, ya zargi Firaminista Richard Squires da sauya bayanan zaman majalisar zartarwa don ɓoye kuɗin da yake karɓa. Ranar 5 ga Afrilu, 1932, dubban mutane suka yi dafifi a ginin majalisa a birnin St. John's, suka farfasa tagogi, da ƙyar Squires ya tsira. Da aka zo zaɓe, jam'iyyar Frederick Alderdice ta kwashe kujeru 24 cikin 27. Jam'iyyar Squires ta tsira da biyu, shi kansa ya rasa tasa.

Abin da ya biyo baya shi ne abin takaicin. A lokacin yaƙin neman zaɓe Alderdice ya yi alkawarin duba batun miƙa mulki ga wata hukuma, amma ya ce ba za a yi ba sai an tambayi jama'a. Ba a tambaye su ba. Ingila ta turo kwamitin bincike ƙarƙashin Lord Amulree, ya ba da shawarar a dakatar da mulkin kai, Ingila kuma ta tsaya wa bashin. A ƙarshen 1933 majalisar da talakawa suka zaɓa ta amince a rufe ta. Ranar 16 ga Fabrairu, 1934, mulki ya koma hannun kwamishinoni shida naɗaɗɗu, uku Turawan Birtaniya, uku 'yan ƙasa, gwamna na shugabantarsu.

Masu kare Alderdice suna cewa baitulmali ya ƙafe, ba shi da wata mafita, kuma gaskiya ne da yawa daga talakawa sun gaji da 'yan siyasa. Duk da haka hujjar ba ta gamsar da ni ba. Wakilci amana ce, kuma wanda aka ba ajiyar kaya ba shi da ikon sayar da su ba da sanin mai su ba. Idan har jama'a sun yarda, me ya hana a ba su ƙuri'a su faɗa da bakinsu?

Sai a 1948 aka tambaye su. Kashi 52 cikin 100 suka zaɓi haɗewa da Kanada, kuma ranar 31 ga Maris, 1949, Newfoundland ta zama lardinta na goma.