Gurɓatacciyar Ƙasa da Ruwan Rijiya

Ruwan da ake ja daga rijiyoyin gidaje a Tudun Wadan Zariya ruwan damina ne da ya tsuma ta cikin ƙasar unguwar ya taru a kan dutsen da ke can ƙasa. Yawancin rijiyoyin ba su da zurfi sosai, don haka abin da aka zubar a doron ƙasa bai da doguwar tafiya kafin ya iske ruwan: baƙin mai daga garejin makanikai, ruwan batir da masu caji ke tuttulewa, ruwan da ke tsatsafowa daga bola, da abin da ke cikin masai. Inda ruwan famfo ba ya zuwa kullum, da wannan ruwa ake girki.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙasa tana tace komai, kuma muddin ruwa ya fito garau to ya tsarkaka. Ƙasa tana tacewa, amma irin tatar rariya: tana tare tsaki da dusa, gishirin da ya riga ya narke kuwa wucewa yake yi abinsa. Laka da wani kaso na ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a hanya. Sinadarin naitiret da ke fitowa daga masai da taki kuwa yana bin ruwa har rijiya, shi ya sa ake son tazarar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, tazarar da ƙananan filayen gidajen birni ba su cika bayarwa ba. Ita dalma, wadda ke cikin batura, halinta daban ne. Takan lafe a saman ƙasa, ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, shekaru ba sa rage ta. Ruwa mai tsami irin na batir yana sa ta motsa zuwa ƙasa, iska da ambaliya kuma suna kai ƙurarta cikin rijiyar da ba ta da murfi. Ba ta da launi ko wari a ruwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta fitar da dalma, hasali ma ruwan ne ke raguwa ita tana nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarta a ruwan sha a kan maikirogiram 10 cikin lita guda.

Arewa ta ga illar dalma a Zamfara. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara ƙanana suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dutsen da ake haƙo zinariya daga cikinsa yana ɗauke da dalma, kuma a tsakar gida ake daka shi ana niƙawa, a wanke a kududdufi. Yara fiye da 400 suka rasu. A lokacin, ma'aunin Amurka na ƙasar wurin zama kashi 400 ne cikin miliyan. A wasu wuraren Zamfara an auna fiye da 100,000. A 2015 irin haka ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Aikin gyaran Zamfara, wanda kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka jagoranta tare da ma'aikatan jiha da mutanen gari, ba shi da wani siddabaru. An bi gida gida da na'urar XRF, wadda ake ɗorawa a ƙasa ta nuna yawan dalma nan take. Inda ya wuce kima, aka kankare saman ƙasa da fartanya da shebur, 'yan santimita kaɗan, aka zuba a buhuna, aka kai ramukan da aka tanada a wajen gari aka binne. Daga nan aka kawo ƙasar da aka gwada aka tabbatar da tsabtarta aka shimfiɗa. Kududdufai sun fi wahala, domin a cikinsu guba ta taru, kuma daga nan ake ɗibar ƙasar yin tubali. Likitoci sun dage sai an gyara gari kafin a ba yara maganin fitar da dalma daga jini, tunda yaron da ya koma rarrafe a tsakar gidan da ba a gyara ba zai sake kwasa. Bagega, gari mafi girma cikin waɗanda abin ya shafa, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikinta, alhali an san halin da take ciki tun farko.

Man fetur da baƙin mai suna da sauƙi ta fuska ɗaya, domin akwai ƙwayoyin halitta a ƙasa da ke cin su idan ana juya ƙasar, ana ba ta iska da taki da danshi. Sauƙin yana ƙarewa da zarar man ya kai ga ruwan ƙasa. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni a 2011 ya samu sinadarin benzin a ruwan rijiya ninki 900 na abin da aka yarda da shi, ya kuma kiyasta gyaran zai ci shekara 25 zuwa 30.

A Zariya babu ma'adinin zinariya a tsakar gida, amma akwai al'adar cike kududdufi da shara, a rufe da jar ƙasa, a yi gini, a haƙa rijiya a wurin. Rufewa ba gyara ba ce idan ruwa yana ratsa sharar. Haka tsohuwar bola da manoman bakin rafin Kubanni ke ɗiba a matsayin taki takan haɗa da fasassun batura da tokar wayoyin lantarki. Hukumomin muhalli irin su NESREA da KEPA suna da hurumin sa ido kan wannan, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da ɗakunan gwaji, sai dai mai gida yakan kashe kuɗi a kan murfin rijiya da famfonta ba tare da ya taɓa kai kwalba ɗaya ta ruwanta an gwada ba. Garejin da aka daɓe da siminti, ana tara baƙin mai a durom, ana mayar da matattun batura ga masu saye ba tare da an fasa su a ƙasa ba, ba ya buƙatar a zo a kankare ƙasarsa daga baya.